Sauya waya daga Android zuwa iPhone ko akasin haka: jagora ga mazauna Saudiyya da maniyyata

Duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san waya ta wuce abin gaisawa da 'yan gida. Igamarka, wato katin izinin zama, tana cikinta, a manhajojin gwamnati na Absher da Tawakkalna. Buɗe asusun banki, yankar sabon layi, shiga Ejar domin yarjejeniyar haya, duk sai Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da cewa kai ne, ya nuno lamba ka danna kafin a saurare ka. Izinin shiga Rauda yana Nusuk, manhajar Hajji da Umara. Ko burodi da laban a baƙala, wato kantin unguwa, yawancin mutane waya suke ɗorawa a kan na'urar mada, tsarin biyan kuɗi da katin banki na Saudiyya, su wuce. Shi ya sa sauya waya a Makka ko Jidda ya fi sauya ta a Kano ko Maraɗi nauyi, balle idan daga wani tsari za ka tsallaka zuwa wani.

Na riƙe Samsung, na koma iPhone, na sake dawowa Android, kuma har yau 'yan'uwa kan kawo mini nasu in taya su. Abin da na fahimta shi ne kwashe hotuna da lambobi shi ne mafi sauƙin aikin. Inda mutane ke shiga uku shi ne jerin abin da za a fara da abin da za a bari sai ƙarshe. Tsohuwar wayarka ce take ba sabuwar izinin shiga kusan komai, don haka kada ka saki na hannu ka kama na guje. Ba a goge ta, ba a sayar da ita, ba a ba yaro ita sai kowace manhaja ta buɗe a sabuwar.

Kafin ka biya kuɗi

Fara da maganar layi. IPhone 17 da aka fitar a 2025, wadda ake sayarwa a Saudiyya da sauran ƙasashen Gulf, ba ta da wurin saka katin layi ko ɗaya, eSIM kawai take ɗauka, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba, kamar yadda ta Amurka take tun daga iPhone 14 a 2022. Ga wanda ke da layin STC, Mobily ko Zain wannan ba matsala ba ce, dukansu suna bayar da eSIM. Amma mu da muke riƙe da layin gida domin saƙon banki, ko alhajin da zai saya ya tafi da ita tsaraba, dole a tsaya a yi tunani. MTN da Airtel na Najeriya suna da eSIM, sai dai mayar da layinka na kati zuwa eSIM abu ne da ya fi sauƙi kana gida kusa da ofishinsu. Idan layin gidan nan shi ne ke karɓar lambar tabbatarwa ta bankinka, ko dai ka nemi wayar da ke da wurin kati, ko ka tanadi ƙaramar waya da za ta riƙe shi.

Idan Android za ka koma, duba ko tana da NFC. Wayoyi masu araha da yawa ba su da shi, kuma idan babu shi ba za ka iya biyan kuɗi da taɓa waya ba. Wanda ya saba da Apple Pay, wanda ya shigo ƙasar nan tun 2019, zai ji wannan rashi tun ranar farko.

Sabuwa a kwali daga Jarir ko eXtra ba ta da wata fargaba, ka dai adana rasiti domin garanti. Ta hannu kuwa, ko a kasuwar waya ta titin Falasɗin a Jidda, ko Utaibiyya a Makka, ko wadda ka gani a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, tana buƙatar ido. Danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta yi daidai da ta kwali. A iPhone ka shiga Settings, Battery, ka duba lafiyar batir. Idan ta yi ƙasa da kashi 80 cikin 100, sauya batir yana gabanka, sai a rage maka kuɗi. A General, About, wayar takan nuna ko an taɓa canza mata batir ko gilashi. Abin da ya fi duk waɗannan shi ne mai sayarwa ya fita daga asusunsa na iCloud a gabanka, ya goge wayar, ka kunna ta ka ga ta wuce ba ta nemi asusun kowa ba. Tun 2013 Apple ya sa wannan kulle, kuma wayar da aka bari da shi ba ta da amfani sai dai a sayar da kayan cikinta. Android ma tana da irinsa a kan asusun Google.

Daren da ya gabaci sauyawa

Ɗauki biro da takarda, da gaske nake. Rubuta kowace manhaja da ke neman kalmar sirri, da lambar wayar da take aika wa saƙo. Absher, Nafath, bankin nan, bankin gida, imel, WhatsApp, Telegram, Facebook. Sannan ka gwada kanka: fita daga imel ɗinka a kwamfuta ko wata waya ka sake shiga. Mutane da yawa yaron shago ne ya buɗe musu Gmail shekaru da suka wuce, ba su taɓa sanin kalmar sirrin ba, wayar ce kawai take tunawa. Gyara wannan yanzu, tun tsohuwar wayar tana hannunka tana iya tabbatar da cewa kai ne.

Duba lambar da ke rajiste a Absher. Idan tsohon layi ne da ka daina amfani da shi, canza ta tukuna, domin duk lambobin tabbatarwa can za su tafi.

Idan kana amfani da Google Authenticator, manhajar da ke ba da lambobin tabbatarwa, yana da hanyar fitar da asusu ta hoton QR da sabuwar waya za ta ɗauka. Lambobin mutane kuwa, ka tabbata suna cikin asusun Google ko iCloud, ba a jikin waya ko kan kati ba. Na Google sun fi sauƙin bi, domin da ka saka asusun a iPhone ka kunna Contacts za su bayyana.

Masu GBWhatsApp da danginsa, babu hanyar hukuma da za ta ɗauke muku hira daga cikinsu. Sai kun dawo WhatsApp na asali kafin a yi maganar ƙaura. 'Yan kasuwa kuma, masu aika abaya da turare da dabino gida, ku buɗe hirar duk wanda kuke bi ko yake bin ku bashi, ku yi Export chat, ku tura wa kanku ta imel. Wannan minti goma ne, kuma ko me ya faru lissafi yana nan.

Daga Android zuwa iPhone

Manhajar da ake amfani da ita sunanta Move to iOS, ta Apple ce, tana Play Store tun 2015. Tana da sharaɗi ɗaya da ya fi ba mutane wahala: iPhone ɗin ta kasance sabuwa fil ko an goge ta kakaf, tana kan shafukan farko na saiti. Idan an riga an wuce wurin, sai an goge an dawo baya.

Wata Hajiya daga Shara Mansur, ɗanta ya aiko mata da iPhone, jikanta ya karɓa da murna ya saita komai a dare ɗaya, har ya buɗe WhatsApp da lambarta. Da safe ta duba ta ga sunayen rukunoni kawai, babu saƙo ko ɗaya. Aka kawo ta wurina tana riƙe da wayar da hannu biyu.

"Ɗan nan, ni ba hotuna nake nema ba. Muryar Yaya ce a ciki, Allah Ya jiƙanta. Kullum bayan asuba sai na saurara."

"Hajiya, tsohuwar wayar tana ina?"

"Ga ta a jaka, ban bari sun taɓa ba."

Wannan ne ya cece mu. Muka sake tabbatar da lambar a tsohuwar, hirarrakin suka dawo inda suke, muka goge iPhone ɗin muka fara daga farko. Jikan ya ɗauka ajiyar da WhatsApp ke yi a Google Drive za ta sauko a iPhone. Ba ta saukowa. Ajiyar Android tana Google Drive, ta iPhone tana iCloud, kuma ɗaya ba ta karanta ɗaya. Move to iOS ce hanyar da WhatsApp ya buɗe a 2022, kuma tana son iOS 15.5 ko sama, da lambar waya iri ɗaya a wayoyin biyu.

Ga yadda ake yi. Sabunta WhatsApp a Android. Jona wayoyin biyu a caji, a ɗaki mai sanyi. Wannan ba ƙawa ba ce: Apple ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 zuwa 35, kuma zafin Makka a bazara ya wuce haka nesa, ga caji ga kwafe bayanai, waya sai ta ɗau zafi ta rage gudu. Kashe datar layi a Android, bar Wi-Fi kawai. A iPhone, idan ka iso shafin kwaso bayanai, zaɓi daga Android. Za ta nuna lamba mai alƙaluma 6 ko 10, ka shigar da ita a Move to iOS. IPhone ɗin za ta ƙirƙiri Wi-Fi nata na wucin gadi, Android za ta yi ƙorafin babu intanet a kansa, ka ƙyale ta. Zaɓi lambobi, saƙonni, hotuna, kalanda da WhatsApp. Da ka taɓa WhatsApp zai buɗe da kansa ya shirya kayansa, ya dawo da kai.

Daga nan sai haƙuri. Kada ka amsa kira, kada ka buɗe wata manhaja a Android, domin fita daga shafin yana katse aikin. Ko Android ta ce ta gama, jira sai layin da ke tafiya a fuskar iPhone ya cika. Wanda ke cikin rukunonin unguwa da na 'yan gari, masu bidiyon biki da wa'azi na shekaru, zai iya shafe sa'o'i. Gara tun farko ka shiga Storage and data a WhatsApp ka share manyan bidiyon da aka yi ta turowa.

Bayan an gama, sauke WhatsApp daga App Store, shiga da lambar nan dai, zai ce ya ga bayanan da aka kawo, ka danna Start. Tarihin kira ba ya biyowa. Nan take ka kunna ajiyar iCloud, amma ka sani gigabait 5 kawai Apple ke bayarwa kyauta, Google kuwa 15. Yawancinmu WhatsApp kaɗai ya cinye biyar ɗin, don haka ko ka cire bidiyo daga ajiya ko ka sayi ƙarin wuri.

Karatuttukan malamai da ƙira'o'in da ka tara a katin memori su ne iPhone ba ta yi wa adalci. Ba ta da wurin memori, kuma ba ta jefa sautin da ka kwafo cikin manhajar kiɗanta kai tsaye. Ni Google Drive nake ɗora su, ko in tura wa kaina a Saved Messages na Telegram, sannan in saurara da manhajar VLC. Ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina da darussansu ke Telegram ba su da damuwa, domin komai yana can a taskar kamfanin, da ka shiga zai dawo, ban da hirar sirri.

Daga iPhone zuwa Android

Nan akwai abu biyu da ake yi tun kafin a cire layi. Na farko, kashe iMessage da FaceTime, hanyoyin saƙo da kira na Apple, a Settings. Idan ba ka yi ba, masu iPhone za su riƙa aiko maka da saƙo yana tafiya inda ba ka nan. Mai tahowa daga Android ma ya kashe RCS, tsarin saƙo ta intanet, a manhajar saƙonni saboda dalili irin wannan. Na biyu, idan hotunanka suna iCloud kuma ka kunna Optimize iPhone Storage, abin da ke jikin wayar ƙananan kwafi ne. Zaɓi Download and Keep Originals ka bar ta a Wi-Fi ta sauke na ainihi, ko ka saka Google Photos a iPhone ɗin ya ɗora su duka.

Sauran aikin da kebul ake yi. Daga iPhone 15 zuwa sama USB-C ne baki biyu. Wadda ta girme ta tana son kebul mai Lightning a gefe ɗaya, USB-C a ɗayan. Android ɗin ta kasance sabuwa ko gogaggiya. Idan ta tambaya ko za ka kwafo daga tsohuwar waya, jona kebul, danna Trust a iPhone, zaɓi abin da kake so har da WhatsApp. Hoton QR zai fito, ka ɗauke shi da kyamarar iPhone, WhatsApp ya buɗe ya fara shiri. A Samsung, Smart Switch ne ke jan ragamar, sauran kuma daga Android 12 zuwa sama tsarin Google ne. Mayar da Auto-Lock zuwa Never kafin ka fara, don kada iPhone ta kulle kanta ana tsaka da aiki.

Manhajojin da ka saya ba sa bin ka ta kowace fuska, sai ka sake saya. Waɗanda kake biya duk wata kuwa za su ci gaba da cirar kuɗi ko ka bar wayar, sai ka shiga Subscriptions ka soke. Apple Watch ba ya aiki da Android, haka Galaxy Watch 4 da waɗanda suka fito bayansa ba sa aiki da iPhone.

Layi, sannan Nafath, sannan banki

Wannan jerin shi ne zuciyar maganar. Idan katin layi ne, cire shi ka mayar, shi ke nan. Idan eSIM za ka karɓa, ta manhajar kamfanin layinka ko reshensu za ka nema, kuma tabbatarwar kan bi ta Nafath. Nafath ɗin kuwa a wannan lokaci yana tsohuwar waya. Shi kuma kunna Nafath a sabuwar waya yana son bayanan Absher, da saƙon da za a aiko wa layinka, da duba fuska. Wanda ya goge tsohuwar waya kafin ya ɗauko layin ya tsinci kansa babu layin karɓar saƙo, babu Nafath ɗin karɓar layi, sai ya tafi reshe da ƙafarsa ya bi layi. Saboda haka bar tsohuwar a kan Wi-Fi, amince da buƙatar eSIM da ita, ɗauki QR da sabuwar, kira wani ka tabbata layin ya tashi, sannan ka sauke Nafath a sabuwar ka kunna. Yi duba fuskar a wuri mai haske.

Daga nan Absher da Tawakkalna, ka buɗe ka ga igamarka ta fito. Sai banki: Al Rajhi ne ko Al Ahli ko waninsu, zai ɗauki wayar a matsayin sabuwar na'ura ya nemi tabbatarwa. Katin mada ba ya ƙaura da kansa, sai ka sake saka shi, a Wallet idan iPhone ce, a mada Pay ko makamancinsa idan Android ce. Je baƙala ka sayi ruwan riyal ɗaya da shi don ka ga ya yi aiki. Bankunan gida su ne na ƙarshe kuma su suka fi jinkiri, domin saƙonsu sai ya ratso daga layin Najeriya ko Nijar. Kunna wannan layin tun da wuri ka ga ya kama sabis.

Ina roƙon kowa da babbar murya: a kwanakin nan da kake jiran lambobi, kada ka karanta wa kowa lambar da ta shigo, kuma kada ka danna lamba a Nafath idan ba kai ka nemi shiga wani wuri ba. Masu damfara kan kira da sunan banki ko hukuma, su ce ana sabunta bayananka. Mutumin da ya san yana tsakiyar sauya waya shi ya fi saurin yarda da su.

Ga maniyyata da masu Umara shawarata gajeriya ce. Sayi wayar, bar ta a kwalinta sai ka koma gida. Izininka yana Nusuk, jagoran tawagarku yana WhatsApp, ba a Mina ake gwajin sabon tsari ba. Idan kuma dole sai ka kunna ta, kada ka buɗe asusun Apple ko Google da layin baƙi da ka yanka a filin jirgi, domin zai mutu bayan tafiyarka, kuma duk ranar da aka nemi lambar tabbatarwa can za a aika.

Abubuwan da za su ba ka mamaki a makon farko

Kiran salla ne na farko. A iPhone sautin sanarwa ba ya wuce daƙiƙa 30, don haka manhajar salla za ta fara kira ta yanke, kuma tana son ka riƙa buɗe ta lokaci zuwa lokaci don ta jera sanarwar kwanaki masu zuwa. A Android ana jin kiran har ƙarshe, amma tsarin tattalin batir yakan kashe manhajar a ɓoye, sai ka shiga saitin batir ka cire mata takunkumi. Kalandar Hijira tana cikin iPhone, a saitin Calendar. Rubutun Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ kuwa, Gboard ya daɗe da shi a Android, Apple ya ƙara allon Hausa a iOS 17 a 2023, sai ka je Keyboards ka ɗauko shi.

Ni a ganina, wanda ke riƙe da layi biyu, yana tura fayil ga mutane iri-iri, yana tara karatu, Android ta fi masa sakewa. Wanda iyalinsa duk iPhone suke riƙe da ita, ko yana tunanin sayar da wayar bayan shekara biyu, iPhone ta fi riƙe daraja a kasuwa, a nan da gida.

Sallamar tsohuwar waya

Ba ta mako guda a aljihun tebur, da caji. Idan albashi ko kuɗin gida sun shigo sun fita ta sabuwar lafiya, kuma babu manhajar da ta sake ce maka ka duba ɗaya wayar, lokaci ya yi.

A iPhone, fita daga asusun Apple, wanda zai kashe Find My ya cire katunanka daga Wallet, sannan Erase All Content and Settings. Yi wannan a gida. Idan Stolen Device Protection, tsarin kare waya daga ɓarayi wanda ya zo da iOS 17.3, yana kunne, wayar za ta sa ka jira awa guda idan ta ga kana wurin da ba ta saba ba, kuma tsayuwar awa guda a gaban mai saye a titin Falasɗin ba daɗi. A Android, cire asusun Google da na Samsung daga Accounts tukuna, cire kullen allon waya, zare katin memori, sannan ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Idan tana da eSIM, zaɓi a goge shi tare. Kunna ta sau ɗaya ka ga ta wuce shafin farko ba ta nemi asusunka ba, ka ɗauki hoton lambar IMEI ka ajiye tare da ranar da ka sayar da sunan shagon da ya karɓa.